Garken Hannun Jari Da Yadda Ake Kiwonsa

A wannan mako za mu juya ga wata irin dukiya wadda ba ta cin dusa, ba ta shan ruwa, ba a kuwa ɗaure ta a turke, amma duk da haka in ba a kiwata ta ba takan rame, har ma ta mutu a hannun mai ita. Wannan dukiya ita ce hannun jari, watau mutum ya ba da kuɗinsa ya sayi ɗan yanki na wani kamfani, in kamfanin ya ci riba a ba shi rabonsa, in kuwa ya faɗi a faɗi tare da shi. Sayen ba shi da wuya ko kaɗan, balle yanzu da mutum yana kishingiɗe a zaurensa zai taɓa wayar hannu ya saya. Wuyar tana ga riƙon. Gama wanda ya tara hannun jarin kamfanoni dabam dabam, ya haɗa da asusun haɗaka da takardun gwamnati, ya zama mai garke ke nan, mai garke kuwa tilas ne ya san abin da ke cikin garkensa, nawa ne shanu, nawa ne tumaki, kuma wanne zai fara kaiwa kasuwa ran da fari ya zo.

An kafa kasuwar hannun jari ta ƙasar nan a Ikko cikin 1960, ta fara ciniki cikin 1961 da takardu iri 19 kacal. Cikin 1977 aka sake mata suna ta zama ta Nijeriya baki ɗaya, aka buɗe mata reshe a Kaduna cikin 1978, na Kano kuwa sai 1989. Da yawa daga cikin iyayenmu sun fara riƙe takardar hannun jari ne zamanin dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka tilasta wa kamfanonin baƙi su sayar wa 'yan ƙasa wani kashi na mallakarsu. Waɗansu kuma sai daga 1988, sa'ad da aka naɗa marigayi Dakta Hamza Zayyad ya shugabanci kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati. Tun Janairu na 1984 kasuwar take da wani ma'auni wanda aka fara shi daga lamba 100, in farashin kamfanoni ya hau gaba ɗaya sai lambar ta hau, in ya sauka ta sauka. Mai karatu ya riƙe wannan ma'auni a zuciya, domin da shi za mu auna labarin da ke tafe.

Cikin Yuli na 2004 Gwamnan Babban Banki na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ba da umarni kowane banki ya ƙara jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 ne a ƙasa sa'an nan, da ƙura ta lafa 25 suka rage. To, ina za a samo wannan ɗimbin kuɗi in ba a aljihun jama'a ba? Sai bankuna suka fito suna tallar hannun jarinsu a rediyo da jaridu, malamin makaranta, da ɗan kasuwar Kantin Kwari, da tsohon ma'aikaci mai cin fansho, kowa ya shiga layi da 'yar takardarsa. Farashi ya yi ta hawa. A ƙarshen 2006 ma'aunin yana kan 33,189, a ƙarshen 2007 ya kai 57,990, ran 5 ga Maris na 2008 kuwa ya taɓa 66,371, darajar kamfanonin da ke kasuwar ta kai wajen naira tiriliyan 12.6. Fiye da rabin wannan daraja ta bankuna ce. A wancan zamani duk wanda ya ce a yi hattara sai a dube shi kamar mai baƙin ciki, gama wanda ya saya bara ya ga kuɗinsa ya ninka, maƙwabcinsa kuwa ya gani da idonsa.

Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne bashi. Bankuna suka riƙa ba mutane rance domin su sayi hannun jari, a riƙe hannun jarin nan a matsayin jingina. Bari mu yi lissafin wannan a fili, don shi ne ramin da ya fi cinye mutane. A ce kana da naira miliyan 1 taka ta kanka, ka ranto wata miliyan 1, ka sayi hannun jari na miliyan 2. In farashi ya hau da rabi, abin ya zama miliyan 3, ka biya bashi, kuɗinka ya ninka, ka ga kanka gwani. In kuwa ya sauka da rabi, abin da ya rage miliyan 1 ne, ita kuwa ta mai bashi ce, kai ba ka da ko anini, ga kuɗin ruwa yana binka. Mai bashi kuma ba ya jiran kasuwa ta farfaɗo, da ya ga jinginarsa tana narkewa sai ya sayar, sayarwar nan tasa ta ƙara karya farashi, ta jawo a sayar da na wani.

Haka kuwa aka yi. Tun kafin bankin Lehman Brothers na Amurka ya rushe ran 15 ga Satumba na 2008 kasuwarmu ta riga ta fara gangara. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 cikin Yuli ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin shekara ta ƙare, baƙi masu jari suka kwashe kuɗinsu suka koma gida. A ƙarshen 2008 ma'aunin yana kan 31,450, a ƙarshen 2009 yana kan 20,827. Ran 14 ga Agusta na 2009 sabon Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, watau Afribank da FinBank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su nutse da kuɗin masu ajiya. Cikin Agusta na 2011 aka karɓe lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna. Mai ajiya bai rasa kuɗinsa ba. Mai hannun jari kuwa ya tashi a tutar babu, domin a ƙa'idar kamfani shi ne na ƙarshe a layin biya, sai kowa ya karɓi nasa sa'an nan a dube shi.

Akwai wani lissafi wanda ido ba ya saurin kamawa. Abin da ya faɗi da rabi, sai ya ninka kansa kafin ya koma inda ya fito. Wanda ya sauko daga 66,371 zuwa 20,827 kuwa sai ya ninka fiye da sau uku. Shin yaushe ma'aunin ya sake ganin lambar nan ta Maris na 2008? Sai a ƙarshen Agusta na 2023, shekara 15 da 'yan watanni. Yaron da aka raɗa wa suna a makon da kasuwa ta kai ƙololuwa, ya kusa gama sakandare kafin ta koma can. Kada kuma a ce wannan halin ƙasarmu ne kaɗai, gama a Japan ma'aunin Nikkei ya kai ƙololuwarsa a ƙarshen 1989, bai sake taka wurin ba sai Fabrairu na 2024.

To, wane ne ya tsira da mutuncinsa cikin waɗannan shekaru? In an duba sai a ga ba mai duba ne ba, ba kuwa wanda ya fi kowa wayo. Shi ne wanda bai saya da bashi ba, bai zuba kuɗin abinci da na makarantar yara ba, bai kuma tara kome a wuri guda ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi bukatar bayani, domin mutane da yawa cikin 2008 sun ɗauka sun rarraba dukiyarsu, alhali ba su rarraba ba. Mutum ya ce yana da hannun jari a kamfani goma, da ka duba sai ka tarar bankuna ne guda tara da kamfanin inshora ɗaya. Wannan shanu goma ne masu shan ruwa a rijiya ɗaya, ran da ta ƙafe duk tare za su kwanta. Wani masani a Amurka, Harry Markowitz, ya rubuta wannan magana da lissafi cikin 1952, har aka ba shi kyautar Nobel cikin 1990. Gundarin maganarsa shi ne, yawan abin da ka riƙe ba shi ne kariya ba, abin dubawa shi ne ko cuta ɗaya za ta iya kama su lokaci ɗaya. Manomin ƙasarmu ya daɗe da sanin haka a aikace. Yakan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, don in ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, in kuwa ya zarce dawa ta yi kyau. Wanda ke da hali kuma ya noma tudu ya noma fadama, shekarar ambaliya tudu ya fisshe shi, shekarar fari fadama ta rufa masa asiri.

Dubi abin da ya faru cikin 2023 ka ga amfanin wannan. Cikin Yuni aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, dala da ake saye wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, cikin 2024 kuwa ta kai wajen 1,500. Kamfanonin da ake bin su bashi da dala suka sha wuya, MTN ta Nijeriya ta bayyana asarar wajen naira biliyan 137 a 2023, Nestlé ta Nijeriya ita ma ta rufe shekarar da asara. Manyan bankuna kuwa, da yake suna riƙe da kadarori na dala, sai suka bayyana ribar da ba su taɓa samun irinta ba. Ashe bankunan nan da suka kayar da mutane cikin 2008 su ne suka ɗaga su cikin 2023. Wanda ya yi fushi da banki ya rantse ba shi ba su har abada, da wanda ya ƙi kome sai banki, kowannensu ya sami shekarar kukansa. Mai siminti kaɗan, sadarwa kaɗan, abinci kaɗan, banki kaɗan, bai taɓa yin shekarar da ya fi kowa ba, amma bai kwana da hawan jini ba.

Kafin ma a zo ga zaɓen kamfani akwai rabon da ya fi wannan girma, watau nawa ne cikin dukiyar mutum ya kamata ya shiga hannun jari tun farko. A ganina nan ne aikin mai garke yake, saura duk cikon sunna ne. Kuɗin da za a bukata bana ko baɗi, na haya ne, ko na aurar da 'ya, ko na kujerar Makka, ba shi da abin yi a kasuwar hannun jari, gama kasuwa ba ta san ranar bikinka ba. Haka nan abin ko-ta-kwana, wanda zai riƙe gida 'yan watanni in ciwo ya zo ko albashi ya tsaya, a ajiye shi inda za a iya ɗauko shi cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da an karyar ba. Abin da ya saura, wanda mutum zai iya kau da ido daga gare shi shekara goma, shi ne na kasuwa. Saurayi mai albashi wanda ke da shekara talatin na aiki a gabansa yana iya jure irin jiran nan na shekara 15, har ma faɗuwar ta zame masa alheri, tun da saye yake yi. Dattijo mai shekara sittin wanda zai riƙa ci daga jarin ba shi da wannan sarari, don haka rabonsa na hannun jari ya kamata ya yi ta raguwa yayin da furfura ke ƙaruwa. Ma'aikaci kuma kada ya manta da asusun fanshonsa. Tun dokar 2004 ana yankar wani abu daga albashinsa ana juya masa, mafi yawan kuɗin fansho kuwa a takardun bashin gwamnati ake zuba su. Wannan ma cikin garkensa yake, ko da bai taɓa ƙirga shi ba.

Wanda ya ce ba shi da lokacin karanta rahoton kamfani, ko ba shi da sanin, gaskiya ya faɗa, ba kuwa abin kunya ba ne. Don irinsa aka yi asusun haɗaka. Mutane da yawa ne ke tara kuɗi wuri ɗaya kamar adashi, sai dai maimakon a kwashe a ba mutum ɗaya, wani ma'aikaci ne ke saye wa kowa da kowa hannun jarin kamfanoni masu yawa, ko takardun gwamnati, ko duka biyu, kowa yana da rabo gwargwadon abin da ya zuba. Da 'yan dubbai kaɗan mutum zai sami rarrabawar da shi kaɗai ba zai iya ba. Amma fa mai kiwon nan ba a banza yake yi ba, yana yankar ladansa kowace shekara, a ci riba ko a faɗi. Mutane kan ji an ce kashi 2 cikin 100 su ce ai wannan ba kome ba ne. To, a lissafa. Naira miliyan 1 in tana ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 kowace shekara, cikin shekara 25 za ta kai wajen miliyan 10.8. In ana cire kashi 2 na lada ya zama saura 8, abin da za ta kai wajen miliyan 6.8 ne. Kusan miliyan 4 ke nan ta tafi, fiye da sulusin abin da ya kamata ka samu, ba ɓarawo ba gobara.

Wannan lissafi ne ya sa wani Ba'amurke, John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard cikin 1975, ya fito da wani irin asusu cikin 1976 wanda ba ya zaɓen kome. Kamfanoni 500 da ke cikin ma'aunin S&P 500 kawai yake saye, kowanne gwargwadon girmansa, ya zauna. Tun da ba a biyan gwanayen zaɓe, ladan ya zama ɗan kaɗan. An yi masa dariya ƙwarai, ya sa ran tara dala miliyan 150 a farkon fitowa, abin da ya samu wajen miliyan 11 ne. Daga baya attajirin nan Warren Buffett ya sa dala miliyan 1 a kan cewa irin wannan asusu zai fi na gwanaye masu tsadar lada cikin shekara goma, daga farkon 2008 zuwa ƙarshen 2017. Abokin gardamarsa ya zaɓo asusu biyar, asusun ma'auni ya ƙaru da wajen kashi 125 cikin 100, babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ya kamo shi. A kasuwarmu ma akwai irin waɗannan asusu masu bin manyan kamfanoni 30, ana sayensu ta hannun dillali kamar kowane hannun jari. Sai dai a sani, kasuwar Ikko ba ta Amurka ba ce. Cinikin waɗannan asusu bai da yawa, wani lokaci mai sayarwa sai ya jira mai saye. Kuma cikin 2023 da 2024 'yan kamfanoni kaɗan, irin su Dangote Cement da MTN da Airtel Africa da kamfanonin BUA, su suka ɗauki babban kaso na ma'aunin, har ya zama wanda ya sayi kasuwa duka rabin kuɗinsa yana hannun gidaje ƙalilan.

Kowane asusu za a shiga, a tabbata yana da rajista da hukumar SEC mai lura da kasuwar. Wanda ya yi maka alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ba asusu ba ne, ramin kura ne, kuɗin na baya ake ba na gaba har ran da layi ya ƙare. MMM ta rufe ƙofa cikin Disamba na 2016, CBEX cikin Afrilu na 2025, tsakaninsu kuwa an yi waɗansu da ba su ƙirguwa. Ba za mu ɓata tawada a kansu ba.

Masu karatunmu da yawa abin da ya hana su shiga wannan kasuwa shi ne tsoron kuɗin ruwa da dukiyar da aka gauraya da haram, wannan kuwa tsoro ne mai tushe. Amma hanya ta buɗe fiye da da. Kamfanin Lotus Capital ya fito da asusun halal cikin 2008, cikin 2012 aka kafa ma'auni na musamman wanda ke tace kamfanoni, a fitar da masu cinikin giya da caca da bankunan kuɗin ruwa, da waɗanda bashi ya yi musu yawa, cikin 2014 kuma aka sa asusu mai bin wannan ma'auni a kasuwa. Bankin Jaiz da ya fara aiki cikin 2012 ya shiga kasuwar cikin 2017. A shekarar nan kuma, cikin Satumba, Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko, naira biliyan 100 na shekara bakwai, aka yi aikin hanyoyi da kuɗin, ana biyan masu shi haya kashi 16.47 cikin 100 a shekara. Cikin 2021 aka buɗe wa masu fansho asusun da ba ruwansa da kuɗin ruwa. Abin da zan ja kunnen mai bin wannan hanya a kai shi ne, tacewa takan rage yawan kamfanonin da suka halatta gare shi, sai ya tarar garkensa ya koma siminti da sadarwa da abinci kawai. Saboda haka shi ya fi kowa bukatar ya haɗa da sukuk, da zinariya, da fili ko gona in da hali, don kada ya gudu daga rijiya ɗaya ya faɗa wata.

Har wa yau akwai wani ɓarawo wanda ba ya fasa ƙofa, shi ne hauhawar farashin kaya. Mai sukuk na 2017 ya karɓi hayarsa daidai, ba a taɓa yi masa jinkiri ba, amma sa'ad da wa'adi ya cika cikin 2024 tsadar kaya tana hawa da fiye da kashi 30 cikin 100 a shekara, naira dubun da aka mayar masa ba ta sayen abin da dubun da ya bayar ta saya. Haka shi ma ma'aunin kasuwa. Cikin Maris na 2008 dala tana wajen naira 118, cikin Agusta na 2023 tana sama da 750. In ka auna da dala, lambar nan da aka yi murnar ta dawo ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na darajarta ta da ba. Gaskiya ne ma'aunin ba ya lissafa rabon ribar da kamfanoni suka yi ta biya cikin shekarun nan, wanda ya karɓa ya sake zubawa ya rage asara ƙwarai. Amma dai mai garke ya koyi tambayar da ta dace. In dillali ya ce maka bana ka ci kashi 20, kai kuwa ka tambayi kanka buhun masara nawa jarin nan yake saye bara, nawa yake saye bana. Cikin 2024 ma'aunin ya hau da wajen kashi 37, tsadar kaya kuwa ta kusa kashi 35 a Disamba, ka ga ribar gaske 'yar siririya ce.

Saura yadda ake gyaran garke. Mutum ya yanke wa kansa ƙa'ida tun yana cikin natsuwa, ya rubuta ta. A ce ya yanke kashi 60 hannun jari, kashi 40 sukuk, ya fara da naira dubu 600 da dubu 400. Shekara ta zagayo, hannun jari ya hau ya zama dubu 900, jimla miliyan 1 da dubu 300. Kashi 60 na wannan dubu 780 ne, sai ya sayar da na dubu 120 ya mayar ga sukuk. In kuwa kasuwa ta faɗi, sai ya yi akasin haka, ya ɗebo daga sukuk ya sayi abin da ya yi araha. Sau ɗaya a shekara ya isa, misali a watan da yake lissafin zakka, tun da dama ranar ƙirga ce. Dubi hikimar da ke ciki. Wanda ya bi wannan ƙa'ida a ƙarshen 2007 ya sayar wa masu rububi da tsada, a ƙarshen 2009 kuma ya saya daga masu gudu da araha, bai kuwa san gaibu ba, takardarsa kawai ya bi. Wuyarta ɗaya ce, tana sa mutum ya sayar da abin da kowa ke yabo ya sayi abin da kowa ke zagi, zuciya kuwa ba ta son haka.

Mai albashi kuma da ke zubawa wata wata yana da wata sa'a wadda bai sani ba. In yana zuba naira dubu 20 kowane wata, watan da hannun jari yake naira 100 ya sami 200, watan da ya faɗo naira 50 ya sami 400. Ya kashe dubu 40 ya mallaki 600, kowanne ya zo masa ƙasa da naira 67. Faɗuwar da ke sa mai bashi kuka ita ke cika masa rumbu, muddin kamfanin na kirki ne, bai kuwa tsorata ya daina ba. Yawan leƙa farashi a waya safe da yamma ba ya ƙara kome sai zullumi, kowane saye da sayarwa kuma akwai la'adar dillali da ta hukuma.

Akwai dukiya mai yawa da ta ɓace ba don kasuwa ta faɗi ba, sai don sakaci. Cikin 2023 hukumar SEC ta ce rabon ribar da masu shi ba su karɓa ba ya kai wajen naira biliyan 190. Waɗansu sun sauya gida takardar biya tana zuwa tsohon adireshi. Waɗansu zamanin rububi sun cika takardu da sunaye iri iri, wannan da sunan uba, wancan da sunan gari, don su sami kaso mai yawa, yanzu sun kasa tabbatar da cewa duk su ne. Waɗansu kuwa sun rasu, takardun suna ƙasan adaka gara tana ci, magada ba su ma san da su ba, aka raba gida da gona aka bar wannan. Dokar kuɗi ta 2020 ta ce abin da ya shekara shida ba a karɓa ba za a mayar da shi wani asusun amana na gwamnati, mai shi yana iya nema daga baya, amma kowa ya san wahalar neman abu a ofis. Maganin ba shi da tsada. Mai tsohuwar takarda ya kai ta ga dillali mai rajista a shigar da ita asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jari a na'ura tun 1997. Ya cika takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa faɗawa kai tsaye cikin asusunsa na banki, ya kuma daidaita sunansa ya zama iri ɗaya a ko'ina. Sa'an nan ya sami takarda guda ya rubuta sunan dillalinsa, da lambar asusunsa, da kamfanonin da yake ciki, da asusun haɗakar da ya shiga, ya ajiye ta inda yake ajiye takardar gida da ta gona, ya nuna wa uwargida ko babban ɗansa inda take.